LABARIN SARKI MALIK SHAH DA WAZIRINSA

1. Mafarin Saljukawa

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya ji sunan Imamu Gazali, ko da bai karanta littattafansa ba. Amma ba kowa ya san sarkin da Gazali ya yi zamani da shi ba, balle wazirin da ya gina makarantar da ya koyar a ciki. Sarkin nan sunansa Malik Shah, wazirin kuwa Nizamul Mulki. Shekara 20 su biyu suka yi suna riƙe da ƙasa mai faɗin gaske, hanyoyi suka yi lafiya, ilmi ya ɗaukaka. Suka rasu, tsakaninsu bai kai kwana 40 ba, nan da nan ƙasar ta kekkece kamar tsohuwar riga. Yadda aka yi haka ta faru, shi za mu gaya muku, don akwai abin lura a ciki.

Shekarun da za ku gani a nan na lissafin Turawa ne. Inda muka kawo na Hijira, za mu faɗa.

Can gabas da ƙasar Farisa, wadda yanzu a ke kira Iran, akwai wani babban kogi mai suna Jaihun. Bayansa akwai biranen Buhara da Samarkand, bayansu kuma sai fili fetal, ciyawa iyakar ganin ido. Nan ne mazaunin wata kabilar Turkawa da a ke kira Guzz. Makiyaya ne, masu tumaki da dawaki da raƙuma, suna zaune cikin tantuna, suna bin ciyawa da ruwa. Tun yaro na ƙarami a ke koya masa hawa da harbi, har ya iya sakin kibiya doki na sukuwa.

Wani shugabansu mai suna Saljuk ya musulunta da jama'arsa kafin shekara ta 1000. Da sunansa a ke kiran zuriyarsa Saljukawa. Jikokinsa biyu, Tugril da Cagri, suka ƙetare Jaihun suka shiga ƙasar Hurasan neman makiyaya. Sarkin Gazna, Mas'udu, shi ke da ƙasar. Ya fito musu da rundunarsa har da giwaye, aka gamu a wani wuri da a ke kira Dandanakan cikin shekara ta 1040. Ƙishirwa ta riga ta gajiyad da mutanen Mas'udu, Saljukawa suka kore su, Hurasan ta zama tasu.

Tugril ya yi ta cin ƙasa yamma har ya shiga Bagadaza a 1055. Lokacin nan Halifa na gidan Abbasiyawa yana nan, amma suna kaɗai gare shi, don tun 945 iko na hannun waɗansu sarakunan Farisa, Buwaihawa. Tugril ya kawad da su. Halifa ya amince masa da sunan Sultan, watau mai iko. Daga ran nan aka raba aiki: Halifa shi ne shugaban addini, da sunansa a ke huɗuba, Sultan kuwa shi ke riƙe da takobi da baitulmali.

2. Alb Arsalan, uban Malik Shah

Tugril ya rasu a 1063, bai bar ɗa ba. Ɗan ɗan'uwansa Cagri ya hau gado. Sunansa Alb Arsalan, ma'anarsa da Turkanci jarumin zaki. Shekara 9 kaɗai ya yi yana sarauta, amma cikinsu aka yi wani yaƙi wanda har yau ba a manta da shi ba.

Ƙasar da yanzu a ke kira Turkiyya, a zamanin nan ta Rumawa ce, Nasara masu magana da Girkanci, babban birninsu Ƙustantiniya, watau Istambul ta yau. Makiyayan Turkawa suka dinga kai hari cikinta. Sarkin Rum, Romanus, ya tara mayaƙa ya taso gabas don ya tsai da abin. Aka gamu kusa da wani gari, Manzikart, arewa da tafkin Wan, cikin watan Agusta 1071. Waɗansu sojojin haya na Romanus suka juya masa baya, wani babban hafsansa ya janye da mutanensa, aka kama Sarkin Rum da hannu. Alb Arsalan bai kashe shi ba. Ya girmama shi, suka yi alkawarin fansa, ya sallame shi. Amma kafin Romanus ya isa gida, mutanensa sun riga sun tuɓe shi, daga baya suka ƙwaƙule masa ido, ya mutu. Rumawa suka shiga faɗa da juna, ƙofa ta buɗe, Turkawa suka yi ta kwarara da garkunansu. Asalin zaman Turkawa a ƙasar Turkiyya ke nan.

Da shekara ta kewayo, Alb Arsalan ya ƙetare Jaihun zai yi yaƙi gabas. Aka kawo masa wani mai tsaron ganuwa da aka kama, sunansa Yusufu. Masu tarihi sun ce Yusufu ya gaya wa Sarki baƙar magana. Sarki ya fusata, ya ce a sake shi, shi zai harbe shi da kansa, don ya amince da hannunsa. Ya saki kibiya ta kuskure. Yusufu ya zaro wuƙa ya faɗa masa ya soke shi. Bayan kwana kaɗan Sarki ya cika, cikin watan Nuwamba 1072.

Abu guda Alb Arsalan ya yi tun da sauran ƙarfinsa, wanda ya kamata ku riƙe. A 1066 ya tara manyan ƙasa, ya nuna musu ɗansa Malik Shah, ya ce shi ne magajinsa, ya sa suka yi rantsuwa. Ya kuma bar yaron a hannun wazirinsa, Nizamul Mulki.

3. Yaro bisa gadon sarauta

An haifi Malik Shah a 1055, saboda haka shekararsa 17 sa'ad da aka naɗa shi. Sunan nan nasa sarki biyu ne: Malik sarki ne da Larabci, Shah sarki ne da Farisanci. Halifa ya ƙara masa laƙabi, Jalalud Daula.

Bai daɗe da hawa ba sai fitina ta tashi daga cikin gida. A al'adar Turkawa, ƙasa dukiyar dangi ce, ba ta mutum guda ba. Ko wane ɗan sarki a kan ba shi yankinsa, in babba ya mutu kuwa, wanda ya fi shekaru cikin dangi ya kan ga shi ya fi cancanta. Mutanen Farisa kuwa sun saba da ɗa ya gāji ubansa. Waɗannan al'adu biyu ba su taɓa daidaita a gidan Saljukawa ba, su ne kuwa tushen wahalarsu.

Alb Arsalan yana da ɗan'uwa, Kawurd, mai mulkin ƙasar Kirman. Ya ce shi ne babba, ba zai bi yaro ba. Ya taso da rundunarsa, aka gamu kusa da Hamadan a 1073. Da yawa cikin Turkawan Malik Shah zuciyarsu na wajen Kawurd, amma Larabawa da Kurdawa da ke tare da Sarki suka tsaya, aka kori Kawurd, aka kama shi. Sojoji suka soma neman ƙarin albashi, suna nuna in ba a ba su ba akwai wanda za su bi. Waziri ya ba da shawara, dare bai waye ba Kawurd ya bar duniya. Daga baya wani ɗan'uwan Sarki, Takash, ya yi tawaye sau biyu. Aka kama shi, aka makantad da shi, aka tsare. Kada ku zaci zamanin nan ba jini a cikinsa.

Da ƙura ta lafa, Malik Shah ya danƙa wa Nizamul Mulki al'amuran ƙasa duka, ya ba shi laƙabin Atabeg, watau uba mai renon ɗan sarki. Ya kan kira shi baba. Sarki ya riƙe yaƙi da farauta, Waziri ya riƙe alƙalami.

4. Aikin Waziri

Sunansa na yanka Hasan ɗan Ali. An haife shi a 1018 kusa da birnin Tus cikin Hurasan. Bafarishe ne, ubansa mai karɓar haraji ne. Ya yi karatu, ya soma aikin magatakarda, ya yi ta hawa har ya zama waziri. Nizamul Mulki laƙabi ne, ma'anarsa tsarin mulki. Kusan shekara 30 ya yi yana wazirci, ƙarƙashin uba da ɗa.

Ku duba irin aikin da ke gabansa. Turkawa sun iya cin ƙasa, amma ba su saba da riƙon birni ba. Makiyayi in ya ga gona, ciyawa ya ke gani. Manomi kuwa in an cinye masa shuka, ba shi da abin biyan haraji, in ba haraji kuwa ba abin ciyad da soja. Saboda haka Waziri ya sa Sarki ya dogara ga sojojin albashi, yawancinsu bayi ne Turkawa da aka saya tun suna yara aka hore su. Makiyaya kuma aka bar su suna gangarawa bakin iyaka, wajen ƙasar Rum, inda ɓarnarsu ba za ta taɓa manoman Sarki ba.

Biyan sojoji masu yawa da tsabar kuɗi abu ne mai wuya a ƙasa mai nisa haka. Sai aka yawaita wata dabara da a ke kira iƙɗa'i. Maimakon a ba hafsa kuɗi daga baitulmali, sai a ba shi harajin wani yanki, ya ci, ya ciyad da mayaƙansa, in Sarki ya yi kira ya zo da su. Wannan ya yi kama da yadda hakimai a ƙasar Hausa su kan riƙe garuruwa a da. Dabarar tana da amfani muddin Sarki na da ƙarfin tuɓe wanda ya yi zalunci. Ran da Sarki ya yi rauni, mai riƙon yanki sai ya mai da shi gadon gidansu.

Waziri ya san wannan haɗari. Sarki ya nemi a rubuta masa littafi a kan yadda a ke riƙon ƙasa, Nizamul Mulki ya rubuta da Farisanci, sunansa Siyasat Nama, watau littafin siyasa, babi 50. Har yanzu ana karanta shi, an kuma juya shi cikin harsuna da yawa. A ciki ya ba Sarki shawara ya riƙa zama kwana biyu cikin mako yana jin kukan talakawa da kunnensa, ba ta bakin wani ba. Ya nuna mai riƙon yanki ba shi da iko bisa manomi sai na harajin da aka yanka. Ya so a riƙa sauya masu karɓar haraji bayan 'yan shekaru don kada su yi saiwa, a kuma sa masu kawo labari ko ina, don Sarki ya san abin da ma'aikatansa ke yi. Ba dukan shawarwarin nan aka bi ba. Wazirin kansa ya cika manyan muƙamai da 'ya'yansa da jikokinsa da surukansa, abin da ya jawo masa ƙiyayya a fada.

5. Faɗin ƙasar

Malik Shah ya mai da Isfahan babban birninsa. Amma bai cika zama cikin soro ba, ya fi son sansani da tanti irin na kakanninsa.

Ta yamma, ƙanensa Tutush ya karɓi Dimashƙa a 1079. Wani danginsu, Sulaimanu ɗan Kutalmish, ya kafa mulkin kansa cikin ƙasar Rum, ya zauna a Nikiya, kusa da Ƙustantiniya, ya kuma ci Antakiya a 1084. Sulaimanu da Tutush suka yi karo a kan birnin Halab a 1086, Sulaimanu ya mutu. Da Sarki ya ji danginsa na cin juna, ya taso da kansa zuwa Sham. Tutush ya ja da baya. Sarki ya karɓi Halab, ya naɗa bayinsa amintattu: Ak Sunkur a Halab, Yagi Siyan a Antakiya, Buzan a Ruha. Ya wuce har bakin Bahar Rum. Daga nan ya shiga Bagadaza a 1087, karo na farko, aka kai 'yarsa gidan Halifa Muƙtadi da biki mai girma.

Ta gabas, ya ƙetare Jaihun a 1089, ya ci Buhara da Samarkand, Sarkin Kashgar da ke kusa da iyakar Sin ya kawo caffa. Daga Kashgar zuwa Antakiya ya fi mil 2,000 a miƙe, tafiyar watanni ga ayari. Masu tarihi sun ba da labari, sa'ad da rundunar Sarki ta ƙetare Jaihun, Waziri ya biya masu fito da takardar karɓar kuɗi daga harajin Antakiya. Suka kai kuka, suka ce ina su ina Antakiya. Waziri ya sa aka saye takardar a nan take aka ba su kuɗinsu, ya ce ya yi haka ne don na baya su san faɗin ƙasar ubangidansa.

Sarki ya kula da hanyar hajji daga Iraƙi zuwa Makka. Ya sa aka gina rijiyoyi da matattarar ruwa, ya kuma soke kuɗin da a ke karɓa a hannun alhazai. Yana da son farauta ƙwarai, har ya sa aka gina wata hasumiya aka manna mata ƙahonin bareyin da ya kashe. An ce ya kan ba da sadakar dinari guda a kan ko wace dabba, don tsoron alhakin kisan da ba na ci ba. Ba Musulmi kaɗai suka yabe shi ba. Wani limamin Nasara na Armeniyawa, Matiyu mutumin Ruha, wanda ya rubuta tarihin zamanin nan, ya shaide shi da tausayi da kyautata wa Nasaran ƙasarsa.

6. Makarantu da lissafin shekara

Kafin zamanin nan yawancin karatu a masallaci a ke yi, ko a zauren malami. Akwai makarantu a Hurasan, amma Nizamul Mulki ne ya mai da gina su aikin hukuma. Ya soma ginin ta Bagadaza a 1065, aka buɗe ta a 1067. Ya gina waɗansu a Naisabur, garin Imamu Muslim, da Isfahan, da Balh, da Harat, da Basra, da Mausil. Duka ana kiransu Nizamiyya. Ko wace ya yi mata waƙafi na kasuwanni da gonaki, daga nan a ke biyan malamai, a ciyad da almajirai, a ba su ɗakin kwana, a sayi littattafai. Ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa ya sami hanyar zama alƙali ko magatakarda.

Waziri yana da dalili biyu. Yana bukatar ma'aikata masu ilmi. Kuma a lokacin Masar na hannun Fatimiyawa, masu bin tafarkin Isma'iliyya, suna da nasu Halifa, suna aiko da masu wa'azi a ɓoye cikin ƙasar Saljukawa. Ya ga takobi kaɗai ba ya mai da martanin wa'azi. A Nizamiyya ta Naisabur Imamul Haramaini Juwaini ya koyar, Gazali kuwa almajirinsa ne. A 1091 Waziri ya naɗa Gazali babban malamin Nizamiyya ta Bagadaza, shekararsa bai wuce 33 ba.

Wani aikin kuma na taurari ne. Kun sani shekarar wata kwana 354 ce, shekarar rana kuwa 365 da kusan rubu'in kwana. Shi ya sa azumi ya kan zo wani lokaci da damina, wani lokaci da hunturu. Ga ibada wannan daidai ne. Amma haraji sai an yi girbi a ke biya, girbi kuwa rana ya ke bi. Mutanen Farisa suna da tsohon lissafinsu na rana mai kwana 365 cif, ba sa ƙara rubu'in nan. Saboda haka ko wace shekara huɗu sai lissafi ya zame da kwana guda, har ranar sabuwar shekararsu, wadda su ke kira Nairuz, ta goce daga wurinta da fiye da mako biyu.

A 1074 Sarki ya tara masana, ya kafa musu wurin duban taurari, ya ba su kuɗi mai yawa. Cikinsu akwai Umaru Hayyam na Naisabur, gwanin lissafi, wanda daga baya Turawa suka san shi saboda waƙoƙin da a ke danganta masa. Ba su da madubin hangen nesa, don sai bayan shekara 500 da wani abu aka ƙago shi. Da ido da ma'auni da haƙuri suka yi aikin. Suka tsai da Nairuz a ranar da dare da rana ke daidaita cikin watan Maris, suka tsara yadda za a riƙa ƙara kwana don kada ya sake gocewa. Aka soma sabon lissafin a Maris 1079, aka kira shi Jalali, da laƙabin Sarki. Turawa ba su gyara nasu lissafin ba sai 1582.

7. Shekarar mutuwa

Da tafiya ta yi nisa, zuma ta soma tsami tsakanin Sarki da Waziri. Sarki ya girma, ya gaji da a riƙa yi masa jagora. Uwargidansa Turkan Hatun, 'yar sarakunan ƙetaren Jaihun, ta ƙi jinin Waziri. Tana da nata mutum, Tajul Mulki, wanda ta ke so ya zama waziri. Gasar mutanen nan biyu har yau ana ganinta a masallacin Jumma'a na Isfahan: Nizamul Mulki ya gina babbar ƙubba ta kudu, Tajul Mulki ya gina tasa ta arewa a 1088.

Ainihin rigimar kuwa gado ne. Sarki ya naɗa ɗansa Dawuda magaji, ya mutu. Ya naɗa Ahmadu, shi ma ya mutu. Waziri ya ce a ba Barkiyaruk, babban waɗanda suka rage, ɗan wata matar. Turkan Hatun ta ce sai ɗanta Mahmudu, ƙaramin yaro. Sarki bai kashe maganar nan yadda ubansa ya yi ba. Shekararsa 30 da 'yan kai, yana ganin da sauran lokaci.

An ce wata rana Sarki ya aika wa Waziri da faɗa, yana tambaya ko shi abokin tarayyarsa ne cikin sarauta, yana kuma yi masa barazanar ɗauke gidan tawadarsa. Tsoho ya mai da amsa, ya ce rawanin Sarki a ɗaure ya ke da gidan tawadan nan, ran da aka ɗauke ɗaya, ɗayan ma zai bi.

Ana cikin haka, wani mai wa'azin Isma'iliyya, Hasan ɗan Sabbah, ya kama wata ganuwa bisa dutse a arewacin Farisa, sunanta Alamut, a 1090. Ba shi da rundunar da za ta tari ta Sarki a fili. Sai ya ɗauki wata hanya, ya riƙa aiko da mutum guda da wuƙa wurin babban maƙiyinsa.

Ran 10 ga Ramadan, shekara ta 485 ta Hijira, watau Oktoba 1092, Sarki da Waziri suna kan hanya daga Isfahan zuwa Bagadaza, sun sauka kusa da Nahawand. Bayan shan ruwa, wani saurayi da shigar sufaye ya matso kamar mai kawo ƙara, ya soki Waziri, ya mutu yana da shekara 74. Yawancin masu tarihi sun ɗora kisan a kan mutanen Alamut, amma tun a lokacin akwai masu zargin Tajul Mulki.

Sarki ya isa Bagadaza. Ya riga ya ɓata da surukinsa Halifa, ya aika masa ya bar birnin. Halifa ya roƙi jinkirin kwana 10. Kafin su cika, Sarki ya fita farauta, ya komo da zazzaɓi, ya rasu cikin watan Shawwal, watau Nuwamba 1092, shekararsa 37. Waɗansu sun ce guba aka ba shi. Aka kai gawarsa Isfahan aka binne.

8. Abin da ya rushe da abin da ya saura

Turkan Hatun ta ɓoye mutuwar, ta raba wa hafsoshi dukiya, aka naɗa Mahmudu, yaro ɗan shekara 4. Bayin Nizamul Mulki suka ɗauki Barkiyaruk suka naɗa shi a birnin Rayyi, suka kama Tajul Mulki suka kashe. A 1094 Turkan Hatun ta mutu, agana ta kashe Mahmudu. Tutush ya taso daga Sham da irin hujjar Kawurd, ya ce shi ne babba. Ya kashe Ak Sunkur da Buzan, shi ma aka kashe shi kusa da Rayyi a 1095. 'Ya'yansa biyu suka raba Sham, Ridwan a Halab, Dukak a Dimashƙa, ba sa ga maciji da juna. Sa'an nan Muhammadu, wani ɗan Malik Shah, ya yi ta yaƙi da Barkiyaruk har 1104. Ko wane ɓangare da iƙɗa'i ya ke sayen hafsoshi, ƙasar Sarki na raguwa, ta hafsoshi na ƙaruwa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sarkin Rum, Aleksiyus, ya nemi taimako daga ƙasashen Turai. A 1095 Paparoma Urban na biyu ya yi kira, mayaƙa suka taso, yawancinsu daga Faransa. Wannan shi ne farkon yaƙe-yaƙen da a ke kira na 'yan Gicciye. Suka ci Nikiya a 1097, Antakiya a 1098, birnin Ƙudus a 1099. Ƙudus a hannun Fatimiyawa suka same ta, don su ma sun ƙwace ta daga Turkawa shekara guda kafin nan. Shekara 12 kaɗai tsakanin zuwan Malik Shah Antakiya da faɗuwarta, amma ba wani Sultan da ya taso ya cece ta, kowa na fama da ɗan'uwansa.

Gidan bai ƙare nan take ba. Sanjar, ɗan Malik Shah, ya riƙe Hurasan shekara 60, ya rasu a Marw a 1157. Na ƙarshensu a Farisa aka kashe shi a 1194. Zuriyar Sulaimanu suka daɗe a ƙasar Rum, birninsu Konya, har wajen 1308. Amma ba wanda ya sake haɗa Kashgar da Antakiya ƙarƙashin tuta guda.

To, ku dubi abin da ya saura. Zangi, ɗan Ak Sunkur, ya kafa gidansa a Mausil da Halab. Ɗansa Nuruddini shi ya reni Salahuddini, wanda ya mai da Ƙudus a 1187. Su biyu suka cika Sham da Masar da makarantu irin na Nizamiyya, daga nan tsarin ya bazu cikin ƙasashen Musulmi. Gazali ya bar kujerarsa a 1095, ya shiga yawon ibada, ya rubuta Ihya'u Ulumiddin, littafin da ya ratsa Sahara har ya iso zaurukan malaman ƙasar Hausa. Lissafin shekara da ƙasar Iran ta tsayar a 1925, wanda ta ke aiki da shi har yau, daga na Jalali ya samo asali. Ƙubbobin Isfahan biyu suna nan tsaye, sun haura shekara 900.

Ƙasar da aka ci da doki da kibiya ba ta yi shekara guda a haɗe ba bayan mai ita, domin an jingina ta ga rayukan mutum biyu, ba a kuwa yanke wanda zai gāje su ba. Abin da aka zuba cikin makaranta da littafi da lissafi, shi ya wuce daga hannu zuwa hannu har ya iso gare mu. Wannan magana ba ta sarakuna kaɗai ba ce. Mai gida da ke da gona da 'ya'ya daga ɗaki biyu, shi ma ya kamata ya tara su ya yanke magana tun yana da ƙarfin faɗa a ji, ya kuma sa su karatu, don shi ne rabon da ba ya raguwa in an raba.

Haza wasalam.